"Me ya sa haƙori?" Tambayar da ta zaunar da ɗiyata shekara guda a gida

Shekara ashirin da bakwai ke nan ina sauke albasa a Kumasi. Daga Galmi da Madawa take tasowa, ta ratsa Burkina, ta shigo Gana ta arewa, kuma kafin direba ya kashe mota na riga na san buhu nawa ya ruɓe, daga warin da ke tashi a bayan tirela kawai. In mutum ya tsaya gabana ya ce "nawa?", daga yadda ya furta kalmar nake gane ko mai saye ne ko ɗan leƙen farashi. Da wannan nake cika baki a majalisa. To amma ranar da aka kira ɗiyata intabiyu a makarantar koyon likitancin haƙori, duk wayon nan bai hana ni tura ta rami da hannuna ba. Shekara guda cur ta yi a gida, kuma shawarata ce ta zaunar da ita.

Ban so in rubuta wannan ba. Amma a wajen wani suna a Aboabo mutum biyu suka ja ni gefe, kowa da ɗansa mai shirin neman gurbi, suna tambayata wai me muka yi har yarinyar ta shiga. Na ba su amsa a tsaitsaye, rabi gaskiya rabi kare mutunci. Ga cikakken bayanin.

Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Uwata nake kiran ta, kuma haka zan kira ta a nan.

Ga wanda bai san tsarin ba: a Gana, yaron da ya gama sakandare yana rubuta WASSCE, a haɗa masa maki na darussa shida. A1 maki ɗaya ne, saboda haka shida shi ne ƙololuwa, kuma mai neman likitanci ko haƙori sai ya kusanci wannan shidan kafin a ma kalli takardarsa. Makarantun haƙori da aka fi sani su ne ta Jami'ar Gana da ke Korle Bu a Akra, da ta KNUST a nan Kumasi, wadda ɗalibanta ke koyon aiki a asibitin Komfo Anokye. Karatun shekara shida ne, bayansa kuma sai aikin horo a asibiti kafin Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasa ta sake ka ka tsaya da ƙafarka. Abin da ya bambanta da Najeriya, inda aka fi dogara da JAMB da tantancewar jami'a, shi ne a nan maki kaɗai ba ya shigar da kai. Sai an kira ka jarrabawar shiga, sannan ka zauna gaban malamai su yi maka tambayoyi baki da baki. Yaran da ke zuwa wurin duk masu maki ne. Da baki ake raba su.

Uwata ta samu makin. Ranar da sakamako ya fito mahaifiyarta ta dafa waake tukunya guda ta raba wa maƙwabta. Da aka kira ta intabiyu a ɗaya daga cikin makarantun nan, sai na ce to, yanzu an zo fagena. Magana da mutane ai sana'ata ce.

Na sa ƙanenta ya shiga intanet ya kwaso tambayoyin da aka saba yi, da amsoshinsu. Muka buga su a shagon kwamfuta, shafi goma sha wani abu. Ni Turancina na kasuwa ne, ya ishe ni ciniki da rigima da 'yan kwastan, amma ba ya kai ni karanta irin wannan. Duk da haka kowane dare bayan isha'i sai in zauna da takardar, in yi tambayar yadda bakina ya iya, ita kuma ta kawo amsa kamar mai tilawa. In ta tsallake kalma ƙanen ya ɗaga hannu, a koma farko. Na yi mata hadda irin wadda aka yi mini a makarantar allo, ban da bulala.

Na kuma kafa mata doka biyu. Ta farko, kada ta ambaci zango, ta ce a Kumasi take kawai. Kun san yadda ake kallonmu, ba sai na faɗa ba. Ta biyu, kada ta kuskura ta kawo zancen ƙanenta.

Dole in tsaya a kan wannan zancen, domin shi ne gindin komai.

Lokacin yaron yana da shekara tara ya fara kukan haƙori, turmin ƙasa na dama. Muka sa masa kanumfari, ya lafa, ya dawo. Na ce haƙorin yara ne, zai faɗi wani ya fito. Da kumatu ya kumbura tsofaffin gida suka ce hangum ne, aka shafa abin da ake shafawa. Kwana biyu kumburin ya sauko ƙarƙashin haɓa. Na kai shi wurin wani mai cire haƙori a bayan kasuwa, domin lokacin mota biyu na kan hanya, kuɗina duk suna cikin buhu, kuma na ga asibiti zai ci mini yini da kuɗi. Mutumin ya kama haƙorin ya ja, kan ya karye, saiwar ta zauna. Ya ba mu ƙwayoyi a ƙulle cikin leda. A daren na uku Uwata ce, tana 'yar shekara goma sha biyu, ta tashe ni ta ce, "Baba, numfashinsa ya canza." Na haska shi, harshensa ya turo sama, miyau na zuba, ba ya iya haɗiya. A babban asibiti aka shiga da shi tiyata a daren, aka tsaga ƙarƙashin haɓar aka zubar da mugunya. Ya yi kwana goma sha ɗaya a kwance. Likitan da ya yi aikin ya kira ni gefe ya ce da mun kai safiya, da maƙogwaron ya toshe. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga baya ne, daga bakin Uwata, na san cewa ciwon yana da suna tun 1836, sunan wani likita Bajamushe, Ludwig, wanda ya fara bayyana shi. Na kuma san abin da ya fi wannan ƙona mini rai. Yaro yana da haƙoran yarinta 20, babba yana da 32. Turmin farko na girma yana fitowa ne wajen shekara shida, a can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ya ba shi wuri ba. Shi ya sa iyaye da yawa ke ɗaukarsa haƙorin yara, su bar shi ya ruɓe suna jiran canji. Babu canjin da zai zo. Wanda na ce "zai faɗi wani ya fito", shi ne wanda yaron zai tauna tuwo da shi har tsufa. In ba ku ɗauki komai a rubutun nan ba, ku je ku buɗe bakin yaranku 'yan shekara shida zuwa goma ku duba can ƙurya.

Wannan labarin na hana ta faɗa. Na ce mata sirrin gida ne. Gaskiyar ita ce kunyata nake rufewa.

Ta je intabiyun farko. Ta dawo da yamma ta wuce ɗaki ba ta ci abinci ba. Sai bayan kwana biyu ta gaya wa mahaifiyarta, ni kuma na ji daga tsakar gida. Tambayar farko da suka yi mata ita ce ta gabatar da kanta, ta zubo haddarta tsaf. Sai suka ce me ya sa haƙori. Ta ce tun tana ƙarama take son taimakon al'umma, kuma murmushi shi ne abu na farko da ake gani a fuskar mutum. Wata malama a cikinsu ta ce, cikin fara'a, yau mutum nawa suka faɗa musu haka, ita tana so ta ji nata dalilin. Ma'aikaciyar jinya ma tana taimakon al'umma, malamin makaranta ma haka, me ya sa ba su ba? Wannan ba ya cikin shafukanmu. Ta yi shiru. Ta ce abin da ke bakinta shi ne daren nan da numfashin ƙanenta, amma Baba ya hana. Sai ta sake maimaita jimlar farko. Daga nan, in ji ta, ta ga sun fara duba takardar wanda ke biye.

Ba su zalunce ta ba. In ni ne a kujerarsu haka zan yi. Wanda ya zo mini da "Alhaji albasarka ta fi ta kowa" kafin ya taɓa buhu, na san bashi ya zo nema.

Shekarar da ta biyo baya ba ta yi daɗi ba. Yayata da ke Madawa ta fara aiko saƙon murya kusan kowane mako: yarinya ta gama sakandare, boko ya ƙi, me ake jira? Wani abokin cinikina ya turo a tambaya wa ɗansa. Ba mutumin banza ba ne, kuma ina da bashinsa a wuyana, wanda ya sa maganar ta yi nauyi. Iyaka tsakanin Nijar da maƙwabta ta rikice tun bayan juyin mulkin 2023, hanya ta ƙara tsawo da tsada, kuɗi ya yi wuya. Akwai daren da na kusa cewa to. Mahaifiyarta ce ta ce, "Alhaji, kai ka ɗaure mata baki, sannan ka ce ba ta iya magana ba? Ka ba ta shekara ɗaya. In ta sake faɗuwa da bakinta, ni zan fara sayen kayan ɗaki." Shekara ashirin da biyar muna tare, ba ta taɓa yi mini magana da wannan muryar ba.

Muna da wani maƙwabci Batone, tsohon malamin sakandare da ya yi ritaya, Ticha kowa ke ce masa. Shi na je na sama, na ajiye girman kai a ƙofa. Ya karɓi shafukan nan namu ya duba, ya ce tambayoyin suna da kyau, amsoshin ne za a kai wa mai ƙosai ta naɗe kaya. Ya ce abu na farko, yarinyar ta je ta ga aikin da idonta. Ta hanyar wata ma'aikaciyar jinya 'yar unguwarmu aka samar mata izinin zama a ɗakin haƙori na wani asibitin gwamnati, kwana biyu a mako. Ba ta taɓa majinyaci, kallo kawai, sai ɗan aike da fassara. Fassarar ce ma ta sa suka riƙe ta, domin tana jin Hausa da Tonanci da Turanci, ga tsofaffinmu da ke zuwa ba sa iya faɗin inda ke musu ciwo sai da nuni. Ticha ya sa ta sayi ɗan littafi, kullum ta rubuta abu ɗaya da ta gani da abu ɗaya da ba ta gane ba.

Ranar Asabar da yamma kuma sai a kafa kotu a tsakar gidana. Kujera uku a jere, ɗaya a gabansu. Ticha a tsakiya, ma'aikaciyar jinyar in ta samu dama, da ni. Aikina shi ne in yi tambaya da Hausa, irin ta mutumin kasuwa, ta amsa da Hausa, sannan ta juya amsar zuwa Turanci. Dabarar Ticha ce. Ya ce abin da ba ta iya faɗa wa ubanta da harshen gida ba, ba ta san shi ba, haddace shi ta yi. Kuma ba a yarda ta amsa tambaya ɗaya da kalmomi iri ɗaya sau biyu ba.

A zama na farko ya ce, "Me ya sa haƙori?" Ta kalle ni. Na sunkuyar da kai na ce, "Faɗi, Uwata." Ta faɗa. Ta yi minti bakwai tana magana, ta yi kuka, ni ma na tashi na shiga bayi ba don ina jin komai ba. Da na dawo Ticha ya ce wannan ita ce amsar, amma ta yi tsawo, kuma labari kaɗai ba ya isa. Malaman ba tausayi suke rabawa ba. Labarin ya tsaya a jimla huɗu ko biyar, sannan ta faɗi abin da ta yi da shi: me ta je ta gani, me ta gane game da aikin, har da ɓangarensa marar daɗi. Sai da aka yi wata biyu kafin ta iya faɗinsa a cikin minti biyu ba tare da muryarta ta karye ba.

Tambayar da ke bin wannan a baya kamar jela ita ce, me ya sa ba likitanci gaba ɗaya ba? A nan yara da yawa ke faɗuwa, domin gaskiyar wasu ita ce likitancin suka so, haƙori na biyu ne. Malaman sun san haka, kuma suna tsoron wanda zai shiga da rabin zuciya. Ticha ya ce kada ta kushe likitanci don ta yabi haƙori. Amsar da ta samo daga littafinta ita ce: a ɗakin haƙori ta ga mutum ya shigo riƙe da kumatu bai yi barci kwana uku ba, ya fita bayan minti arba'in yana tambayar inda ake sayar da koko. Mutum ɗaya ne ya duba, ya gano, ya yi aikin da hannunsa. Wannan take so. Ta ƙara da cewa ta ga likitan yana miƙe baya yana yamutsa fuska bayan majinyaci na goma, ta san aikin sunkuyo ne, kuma yawancin masu shigowa tsoronka suke ji.

Sai batun hannu. Ba abin da ya ba ni mamaki kamar wannan. Suna tambaya wai me kike yi da ke nuna hannunki ya iya aiki mai laushi, domin likitan haƙori yana aiki ne a wurin da bai kai faɗin akwatin ashana ba, sau da yawa ta cikin ɗan madubi, inda dama ke komawa hagu. A shafukan intanet ɗin nan amsar ita ce kaɗa piyano ko zanen fenti. Shekarar farko har na sa ta ce tana zane, alhali ƙarya ne. Ashe amsar na gidana. Tun tana aji ɗaya a sakandare take yi wa amare lalle, da shi take sayen katin waya. Tana zana hannunta na hagu da dama, ta zana na dama da hagu. Ni ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba, har faɗa nake in ta daɗe a gidan biki. Ma'aikaciyar jinyar ce ta kama hannunta ta ce, "Wannan fa?" Amarya ta zauna awa uku, ta gaji, tana motsi, ƙawaye na surutu a kanki, layi kuma in ya karkace ba ya gogewa sai bayan mako biyu. Ta ce in wannan ba horon likitan haƙori ba ne, ita ba ta san horo ba. Ku da 'ya'yanku ke ɗinkin hula, ko saƙa, ko kitso, ko gyaran waya a Kejetia, kada ku bari su ɓoye.

Akwai kuma tambayoyin da ba su da amsa ɗaya, na "in ke ce, ya za ki yi?" A nan ne na yi amfani, domin ni na kawo wadda ta fi ba ta wahala. Na ce, "Hajiya ta zo, haƙorinta lafiya lau, tana so ki sa mata haƙorin Makka. Ga kuɗi a hannu. Sai an kankare lafiyayyen haƙori kafin a ɗora zinariya. Za ki yi?" Ta ce a'a, kai tsaye. Na ce to kin kore ta, ta tafi wurin na bayan kasuwa, wanda ya karya na ƙanenki. Ta ce to za ta yi. Ticha ya ce ashe kuɗi ne ke aiki ke nan. Ta rasa ta cewa. A ranar ya koya mata abubuwa huɗu da likitoci ke aunawa: 'yancin majinyaci ya zaɓa wa kansa, amfanar da shi, guje wa cutar da shi, da adalci tsakanin mutane. Ya ce ba a so ki jero su kamar karatu, so ake a ji kina auna su. Amsar da ta tsaya a kai daga ƙarshe ita ce za ta fara tambayar Hajiya abin da take so da dalili, ba tare da raini ba, domin abin ado ne mai daraja a wurinmu. Ta bayyana mata cewa ɓawon haƙori in an kankare ba ya tsirowa, da abin da kan biyo baya in rufin bai zauna daidai ba. Ta nemi ko akwai hanyar da ba ta kai wannan ɓarna ba. In kuma ita ɗaliba ce ko sabuwar likita, ta kai maganar ga na gaba da ita. Na ce wannan ai ciniki ne: ba ka cewa "albarka" ka juya baya, ba ka kuma sallamawa a tayin farko.

Da irin wannan awon ta bi sauran: majinyaci mai cutar hanta ko mai ƙanjamau da wasu ke gudun taɓawa, abokiyar karatu da aka gani tana satar amsa, tsohon da ba shi da kuɗin aikin da ya dace sai na cirewa. A kan na ƙarshen ta koyi cewa inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 2003, tana ɗaukar wasu ayyukan haƙori na farko kamar cirewa da cike rami mai sauƙi, amma ba komai ba. Ni kaina ban san haka ba, ga kati a aljihuna shekara da shekaru.

Tambayar aure ni na dage a yi ta, don na san tana nan tana jira, ko a ɗakin intabiyu ko a wajensa. Ta ce, "Baba, wannan kai za ka amsa ta, ba ni ba." Ticha ya yi dariya har da tari. Washegari na je na ba abokin cinikina haƙuri, na kuma biya shi rabin bashinsa don maganar ta fita da tsabta.

Sauran shiri ƙanana ne, amma suna kayar da mutum. Sunan da ke kan takardar haihuwa da na WASSCE da na Ghana Card su zama ɗaya, harafi da harafi. Mu mutanen zango mun san yadda Muhammad ke zama Mohammed a wata takarda, ya zama Mahamadou a ta Nijar. Sai da na yi rantsuwar kotu kan harafi biyu. Ku kuma san matsayin ɗanku tun da wuri: haihuwa a Gana kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, ta jini ake bi, iyaye ko kakanni. Uwata ta samu ta wajen mahaifiyarta. Wanda aka lissafa baƙo, da dala ake yanka masa kuɗin makaranta, kuma na likitanci ba wasa ba ne. Masu nema wa 'ya'yansu Ingila kuma, yawancin makarantun can ba zama ɗaya suke yi ba, tasha-tasha ne, kowace 'yan mintoci da tambayarta da mai tambayarta, tsarin da Jami'ar McMaster ta Kanada ta fito da shi a farkon shekarun 2000. Salo ne ya bambanta, abin da ake nema ɗaya ne.

Ranar ta biyu na raka ta. Ta sa doguwar riga mai duhu da ɗan hijabi fari, lalle a hannu bai gama goguwa ba. Da safe na ce ko za ta sa safar hannu, mahaifiyarta ta harare ni, na yi shiru. Mun isa awa biyu kafin lokaci. Na zauna ƙarƙashin bishiya tare da wasu iyaye, wani da mota mai sanyi da direba, yana ta yi wa ɗansa bitar amsoshi daga waya. Na so in ce masa wani abu. Ban ce ba, wa ya aike ni.

Ta yi kamar minti ashirin a ciki. Ga abin da ta ba ni a mota.

Da suka ce ta gabatar da kanta, ta ce ita 'yar zango ce, ubanta albasa yake sayarwa. Da suka zo kan "me ya sa haƙori", ta ba da labarin a jimla biyar. Wani dattijo a cikinsu ya ajiye biro ya tambaye ta wane haƙori ne, ta ce turmin farko na ƙasa, ta kuma faɗi dalilin da ya sa iyaye ke sakaci da shi. Ya ce to in an ba ki rana ɗaya a unguwarku me za ki yi? Ta ce makarantun Islamiyya za ta bi ranar Asabar, domin a can ake samun yaran da iyayensu mata a wuri ɗaya, kuma ba za ta ce a jefar da asuwaki ba, za ta nuna yadda ake kai shi can baya, ta yi maganar alawa da shayi mai sukari da man goge baki mai fuloraid.

Suka ce ta faɗi wata matsalar baki da ta shafi ƙasar. Ta kawo Bongo, a jihar Gabas ta Sama, inda ruwan burtsatse ke da fuloraid fiye da kima, haƙoran yara su yi ja-ja kamar masu cin goro. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin lita, kuma abin da ke kare haƙori in ya yi kaɗan shi ke ɓata shi in ya yi yawa. Ta ƙara da noma, ciwon da ke cin kumatun ƙananan yara masu fama da yunwa, wanda ake jinyarsa a Sakkwato da Damagaram, wanda kuma hukumar ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamban 2023. Wannan daga wurina ta fara jin sa, domin na ga masu shi a ƙauyenmu ina yaro, muna cewa iska ce.

Sai dattijon ya ce, turmin sama saiwa nawa gare shi? Ba ta sani ba. Ta ce zuciyarta ta buga, ta tuna bara. Sai ta ce, "Ban sani ba. Na ga na ƙasa da aka cire, saiwa biyu ne. Na sama ban lura ba." Ya ce uku ne, kuma za ta gaji da ganinsu. Daga nan wata ta tambaye ta lallen hannunta, wa ya yi mata. Ta ce ita. Duka biyun? Ta ce duka biyun. Matar ta ce ta matso ta gani.

Da ta gama ba ni labari na ce, "Wannan ta saiwar, da kin ce biyu ko uku, ai da wataƙila kin dace." Ta ce, "Baba, mutumin bayan kasuwa ma ai dacen ya gwada." Har muka iso gida ban ƙara magana ba.

Saƙon ya shigo wayarta bayan 'yan makonni, ina wurin sauke kaya. Ƙanenta ne ya zo da gudu ya same ni a kan buhuna, tabon nan na ƙarƙashin haɓarsa yana sheƙi da gumi. Yanzu tana shekarar farko, ba ta ma fara taɓa haƙori ba, ilimin jiki da sinadarai suke ta fama da shi. Kuɗin kayan aiki na nan gaba an ce mini in fara tari tun yanzu, na kuwa ware ribar buhu biyar a kowace mota. Yayata ta Madawa ta daina aiko saƙon aure. Na makon jiya cewa ta yi turminta na hagu yana motsi, in tambayi likita.